Hantsar Wando

A Nima aka haife ni, bayan babbar kwata,
a ɗakin da keken ɗinkin Baba ya cinye rabinsa.
Kafin in san alif na san ƙarar fedarsa:
taka, saki, taka-taka, saki.
Ba wanda ya ce mini kiɗa ne,
ƙafata ce ta gane.

Shekara uku ina dakon albasa,
wuya ya yi kauri, tafin hannu ya yi kanta.
Ran nan na kai kaya wani gida a Adabraka,
ta taga na hango mutum goma sha biyu gaban madubi,
suna waƙa, suna gardama, suna juyi,
labari guda suke bayarwa da baki da dugadugai.
Na tsaya nan sororo
har mai albasa ya yanke mini sidi biyar.

Anti Esinam ta dube ni sama da ƙasa.
"Za ka iya ɗaga mutum?"
Na ce buhu nake ɗagawa tun asuba.
Ta ce, "Buhu ba ya jin tsoro.
Wannan yarinyar tana ji.
Ɗagawa kowa ya iya, koyi saukewa."

Zance a zango ba ya kwana.
Teburin mai shayi ya riga ni isa gida.
"Ga ɗan daudun Accra, karya mana kwankwaso!"
Mutawakilu ne ya faɗa,
shi da in ya zura ƙwallo a raga
sai ya rausaya har bakin tuta,
duk layinmu na yi masa tafi,
gemunsa kuma bai taɓa zubewa ba.
Na so in tuna masa.
Na haɗiye da ruwan bunu, ya ƙona mini harshe.

Su ba su ga farcen da ya fita ba,
ko gwiwar da ke kwana cikin man zafi.
Ba su san tsalle ɗari da ashirin ba ne
kafin Anti ta ce, "To, yanzu mu fara."
Dako bai taɓa sa ni kuka ba.
Rawa ta sa, sau biyu, a bayan gida.

Baba bai zage ni ba.
Da ma ya zaga.
Wata biyu maganarmu ɗaya: "Ka yi salla?"
In ce na yi.
Keke ya ci gaba da surutunsa a tsakaninmu.

Saura kwana huɗu a buɗe labule
na yi tsallen da ake ware ƙafa a sama,
wandona ya ce kyaaat, tun daga gaba har baya.
Har mai ganga ya faɗi don dariya.
Na dunƙule shi, na cusa ƙarƙashin katifa,
na kwanta ina lissafin kuɗin gwanjo.

Cikin dare na ji fedar,
a hankali, kamar mai tsoron tada maƙwabta.

Da safe ga shi a ninke kan kujera.
An farke shi, an sa masa hantsa sabuwa,
mai faɗi, daga ragowar shaddar wani ango,
ɗinki biyu-biyu, an kashe bakin zare.
Baba na zura allura, bai ɗago ba.
Ya ce, "Suraju,
in za ka buɗe ƙafa, buɗe ta sosai.
Ɗinkina bai taɓa ba ni kunya a gaban mutane ba."

Bai zo kallo ba.
Ya ce yana da kayan suna da zai gama.

Fitila ta kashe mini ido, ban ga kowa ba.
Dzifa ta taho da gudu, ta saki jikinta,
na ɗaga ta, na ji bugun zuciyarta a tafina,
na sauke ta kamar tiren ƙwai.
Sai nawa tsallen.
Mai ganga yana nasa lissafin,
ni kuwa can ƙasan haƙarƙarina
taka, saki, taka-taka,
na tashi.

Wandon ya riƙe.